Har Ruwan Ya Fito Tas

Ranar Asabar

Zuwa ga Auta,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya ke da maigidanki da yara. Ya aiki, ya tsayuwa? Mu nan sai godiyar Allah. Kada ki yi mamakin ganin takarda daga wurina alhali ga waya. In na kira ki sai in ji ta a kashe kina ɗakin tiyata, in kuma ke kika kira, hannuna na cikin kumfa. Direban nan mai gemu ya ce zai riƙa ajiye miki a ƙofar asibitinku. Ki yi haƙuri da rubutun, kin san matar Yayanki a aji shida ta tsaya, shi ma da ƙyar.

Wanki na nan na tafiya. Gida huɗu nake yi wa yanzu, ga kuma zannuwan gadon makarantar da ke bayanmu, har sai da na ƙara igiyar shanya. Lemun tsamin da Yayanki ya dasa ya yi 'ya'ya bana har reshe ɗaya ya karye. Shekara biyu da wata uku ke nan da rasuwarsa, amma har yau in aka ja ƙofar shagonsa sai na ɗaga kai. Wani mai gyaran keken ɗinki ne a ciki yanzu. Mutumin kirki ne, sai dai ba ya waƙa yana aiki, kuma shagon ya daina ƙanshin katako.

Ga dalilin takardar. 'Yarmu Aku ta shiga wata bakwai. An yi mata hoton ciki, likita ya ce mabiyiya ta kwanta a ƙasa ta tare hanya, ba za a bar ta ta yi naƙuda ba, aiki za a yi mata nan da sati bakwai. Ita ko a jikinta. Ta kira ni ta yi awa guda tana zuba, har launin labulen asibitin sai da na ji. Ba a banza ubanta ya sa mata Aku ba. A ƙarshe ta ce in zo in zauna da ita in yi jinyarta. Na ce mata gwiwata ta matsa min, zan duba.

Abu biyu nake roƙo. Na farko, Mai Kitso maƙwabciyata ta ce da aka yi wa ƙanwarta aiki, ruwa aka riƙa kwarara mata a cikin ciki kamar ana wanke tukunya. Na ce ƙarya ce, don da kunnena na ji nas ta ce kada ruwa ya taɓa ciwo, ranar da aka sallami Yayanki. Mun yi musu har ta kusa tsinke min gashi. Ke da kike tsaye a ɗakin nan kullum, ki gaya min gaskiya. In ana yi, a wane dalili, kuma ko za a iya roƙon likita ya tsallake wa Aku?

Na biyu, ko za ki samu hutu ki je ki yi mata jinyar? Hannunki ya fi nawa sani.

Ki gaida maigidan, ki ce har yanzu ina jiran kujerar da ya ara. Ki shafa min kan yara.

Taki,
Matar Yaya

*

Ranar Alhamis

Zuwa ga Matar Yaya, sarauniyar kumfa,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta same ni lafiya, sai da na karanta ta sau biyu don daɗi. Rubutunki ya fi na likitocinmu duka, ko aljani ba ya karanta nasu. Yara lafiya lau, ƙaramin ya cire haƙori yana ta nuna wa duk wanda ya shigo. Maigidan ya ce kujerar ta riga ta saba da gidanmu, raba su zalunci ne.

Ki je ki ba Mai Kitso haƙuri, ita ce da gaskiya. Bari in ba ki labarin yadda muke yi. In likita ya gama abin da ya shiga yi, kafin ya fara ɗinki, sai ya ce a kawo ruwa. Ba ruwan famfo ba ne. Ruwan gishiri ne irin wanda ake ƙara wa mutum a jijiya, a rufe yake zuwa daga kamfani, babu ƙwayar cuta ko ɗaya a ciki. Muna ajiye shi a wani akwati mai ɗumi don kada sanyi ya shiga jikin mara lafiya. Abokiyar aikina ta fasa ta juye min a kwanon da aka dafa, ni kuma in riƙa miƙa wa likita. Yana zubawa, wata roba tana zuƙewa zuwa cikin kwalba. Na farko ja yake fitowa kamar ruwan wankin nama. Na biyu ya ɗan washe. Haka za a yi ta yi, yana kwaso guntun jini da duk wani datti da ƙwayar cuta za ta samu ta zauna a kai. Wani lokaci in an rufe ciki, a sake wanke naman da ke ƙarƙashin fata da ruwa mai ɗan aidin, launin shayi. Ya danganta da irin aikin da kuma likitan.

Babban likitanmu, wani dogo mai faɗa, ba ya yarda a miƙa masa allurar ɗinki sai ya leƙa robar ya ga ruwan ya fito tas. Duk sanda ya yi haka ke nake tunawa. Kin manta lokacin da nake hannunku ina 'yar makaranta? In wanke farar rigata in shanya, ki zo ki sauke ta ki matse a baho ki nuna min kumfa, ki ce wanki ba a cuɗa yake ba, a ɗauraya yake. Sau uku kike sa ni. Na sha kuka a bakin bahon nan, ashe aikin da zan ci abinci da shi kike koya min.

Don haka kada ki roƙi kowa ya tsallake wa Aku komai. Ruwan da muke tsoro shi ne na gida. Mu gama aikinmu fes, mutum ya koma gida a jiƙa masa bandeji da ruwan bokiti, bayan kwana biyar a dawo mana da shi wurin yana mugunya. Ko watan jiya an kawo wani haka, sai da na wanke matarsa tas, ba da ruwa ba.

Maganar hutu kuwa babu. Mu uku ne kacal, ɗaya ta haihu. Kuma wace gwiwa? Gwiwar da ke ɗaukar zannuwan gadon makaranta guda? Ki gaya wa wanda bai san ki ba. Ki shirya kayanki ki je wurin 'yarki.

Ƙanwarki,
Auta

*

Ranar Laraba

Auta,

Assalamu alaikum. Da fatan kuna lafiya. Ki ce wa mai giɓi ina gaishe shi. Na je na ba Mai Kitso haƙuri, ta yi ta murna kamar an ba ta kyautar zane. Na ji daɗin bayaninki ƙwarai. Har na tsaya a bakin baho ina kallon ruwan ɗauraya ina cewa ashe mu da likitoci sana'armu ɗaya.

Amma kin gane ni, gwiwata lafiyarta ƙalau. Na karanta wurin da kika ce kin wanke matar mutumin nan, sai na ajiye takardar, na zauna a kan bokiti. Auta, ni ce matar nan. Ban taɓa gaya wa kowa ba, ko Aku. Ke ce kika fi kowa haƙƙin ji, tunda ɗan'uwanki ne uwa ɗaya uba ɗaya, kuma shi ya riƙe ki.

Kin tuna an yi masa aikin hanji, ya kwana shida a asibiti aka sallame mu. Nas ɗin ta riƙe hannuna ta ce, Mama, kada ruwa ya taɓa wurin nan ko ɗigo. Na ce to. Ranar farko a gida da tsumma na goge masa jiki, ina kewaye cikin kamar wuta. Washegari tun asuba ya tashi yana rawar sanyi, na lulluɓe shi da bargo biyu. Da hantsi kuma sai jikin ya ɗau zafi, filon da ya kwanta a kai kamar an sauke shi daga dutsen guga. Na dama masa abu mai ruwa ya ƙi sha. Ya ce kansa zai fashe, in taimaka in zuba masa ruwa a ka. Na ce an hana. Ya ce ai ba a ka aka yanka shi ba. Kin san bakin Yayanki. Ya yi ta yi, har da cewa shekara ashirin da shida yana yi min kujeru, yau moɗa ɗaya ta gagara.

Na kai shi banɗaki a hankali, na zaunar da shi a 'yar kujerar katakon nan da ya yi min don wanki, mai tsayin gwiwa. Na rufe cikin da leda, na ɗora tawul. Ya sunkuyar da kai. Na zuba moɗa ɗaya, ya ce alhamdulillahi. Na zuba ta biyu, ya ce yanzu ya san yana da mata. A ta ukun ya ɗago zai ƙara wata maganar, ruwan ya bi wuyansa ya gangara ƙirji ya shige ƙarƙashin ledar. Da na buɗe, bakin bandejin na sama ya jiƙe kamar faɗin yatsa biyu. Na danna tawul na busar. Ya ce ba komai, kada in tayar da hankalina.

Washegari wurin ya fara wari. Muka koma asibiti. Likita yana buɗe bandejin ya tambaya ko ruwa ya taɓa. Kafin in buɗe baki Yayanki ya ce a'a. Ya faɗa da sauri, yana kallona. Kwana tara bayan nan Allah ya karɓi abinsa. Wannan kallon nake gani har yau. Ya san abin da na yi, ya rufa min asiri, ya tafi da shi.

Na san kwana ne ya ƙare, ba na jayayya da hukuncin Allah. Amma kowace mutuwa da sanadinta, ni kuwa ina ganin sanadin a hannuna kullum in na ɗebi ruwa. Kujerar tana kan kwaba a kife tun ranar. A tsugune nake wanki.

Yanzu ki gaya min, da wane hannu zan taɓa Aku? Yarinyar da ba ta iya zama wuri ɗaya, kuma ta gado bakin ubanta. In ta ce Umma kaza, zan yi mata, na san kaina. Gara wata ta yi jinyar, mai taurin zuciya, ni in zo daga baya in ɗauki jariri.

Duk abin da kika ga ya dace ki faɗa min, ki faɗa. Ba sai kin tausasa ba.

Matar Yaya

*

Ranar Litinin

Auta,

Assalamu alaikum. Da fatan lafiya ce ta ɓoye ki. Sati uku ke nan da kwana biyar ban ga amsarki ba. Direban ya rantse a hannun mai gadinku ya ba da takardar, na ce ya daina rantsuwa, na yarda. Na kira ki sau biyu ta yi ta ringi. Ban ƙara ba.

Ba na ganin laifinki. In da ni ce aka gaya wa haka a kan ɗan'uwana, ban san ranar da zan iya riƙe biro ba. Shirun ma amsa ce, kuma na karɓa.

Na rubuto ne don ki san halin da ake ciki. Saura kwana goma sha biyu aikin Aku. Tana lafiya, ƙafa ce ta kumbura har takalmin mijinta take sawa. Na yi magana da surukinmu, ya ce gwaggonsa za ta zo ta zauna da su. An ce mace ce mai tsafta, ba ta da wasa. Aku ta yi fushi, kwana biyu ba ta kira ni ba, gidan ya yi tsit har na ji kukan tsuntsaye. A na ukun ta kira ta ce ta huce ne kawai don tana da labari.

Ga lemun tsami nan a leda na ba direba, na bishiyar Yayanki ne. Ko ba ki son ganin rubutuna, su ki karɓa. Yara ba su yi komai ba, shi ma lemun haka.

Matar Yaya

*

Ranar Juma'a

Yayata,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, lemun ya iso. Ban san da wane baki zan ba ki haƙuri ba. Ba fushi ne ya hana ni amsa ba, kunya ce. Takardarki tana aljihun rigar aikina tun ranar da ta zo, har ta fara yagewa a wurin ninki. Na ga kiranki duka biyun, na kasa ɗagawa.

Ke kin faɗi naki, bari in faɗi nawa. Kwana biyu kafin ku kai Yaya asibiti ya kira ni. Ya ce cikinsa na ciwo ta dama tun jiya. Ina bakin ɗakin tiyata, an riga an shigar da mara lafiya, ana jirana. Na ce ya sha maganin ciwon ciki ya kwanta, zan kira shi in na fito. Muka yi aiki huɗu a jere, na manta. Da na tuna, kuna kan hanyar asibiti. Ni da nake ganin irin wannan ciwon kowane sati. Da na karanta cewa kin yi shekara biyu kina wanki a tsugune, sai na ji kamar ni na ɗora miki kayan da nawa ne.

Yanzu ki nutsu ki ji. Na karanta takardarki ban san sau nawa ba, sai a daren jiya na ga abin da ke gabana tun farko. Da hannunki kika rubuta shi. Me ya sa Yaya ya nemi ruwa a ka? Kin ce tun asuba yake rawar sanyi, da hantsi filonsa kamar an sauke daga dutsen guga, ya ƙi abinci. Duk wannan kafin ki taɓa moɗa. Yayata, wannan zazzaɓin shi ne cutar. Ta riga ta tashi a cikin cikinsa tun kafin ki kai shi banɗaki. Ba ruwan ne ya kawo zafin ba, zafin ne ya sa ya nemi ruwan.

Ban tsaya a kan ganina ba, don kada son ki ya rufe min ido. Da safe na tari dogon likitanmu yana wanke hannu, na ba shi labarin ban ce na wane ne ba. Na haɗa da abin da na gani a takardar asibitin Yaya lokacin zaman makoki: hanjin ya riga ya fashe kafin a buɗe shi, mugunya ta bazu a ciki, sun wanke da ruwa mai yawa. Ya tambaye ni rana ta nawa, da faɗin wurin da ya jiƙe. Sai ya ce ruwan da ya taɓa bakin bandeji a rana ta takwas ba shi da hanyar da zai bi ya kai can ciki, kuma ba ya ruɓar da ciwo a kwana ɗaya. Warin da kika ji washegari daga ciki ya fito, ya daɗe yana taruwa. Ya ce in gaya wa matar ta kwanta ta yi barci. Mutumin nan bai iya lallashi ba, in laifinki ne da haka zai faɗa.

Ba zan ce miki ɗaurayarmu tana fitar da komai ba. Ke ma kin san akwai tabon da in ya kwana a tufa, ko kogi kika kai shi sai ya bar alama. Muna wankewa ne don mu rage, sauran na Allah ne. Na Aku kuwa ba irin na Yaya ba ne. Nata aiki ne da aka shirya, babu abin da ya fashe, babu datti a ciki.

Mutumin da na ba ki labari a waccan takardar, wanka matarsa ta riƙa yi masa kullum da bandejin a jiki, ya yi kwanaki a jiƙe ba a canza ba. Kuma ko ita, da na san za ki karanta da wannan zuciyar, da na ciji harshena.

Saura maganar a'a ɗin da ya ce wa likita. Yaya ne fa. Kin manta ranar da na fasa madubin ɗakinki, ya shigo ya ce shi ne ya buge shi da katako? Kallon da ya yi min ke nan. Ba yana nufin na san kin yi ba. Yana nufin kada wanda ya taɓa min ke.

Na tambayi likitan nawa laifin kuma. Ya ce kwana biyu suna da yawa a irin wannan ciwo, amma ba wanda zai iya rantsewa. Da wannan zan zauna.

Saura kwana takwas. Ki sauko da kujerar nan. Gwaggon surukinmu ba ita ta haifi Aku ba.

Ƙanwarki,
Auta

*

Ranar Lahadi, daga gidan Aku

Autata,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da babbar murya, ke da maigidan da mai giɓi da yayyensa. Kin riga kin ji a waya, amma a waya kuka muka yi ta yi ba mu yi magana ba. Kin zama kaka. Mace ce, ƙatuwa, da kunnuwan Yayanki sak, waɗannan da yake saƙale fensir a bayansu. Uwar da 'yar duk lafiya.

Takardarki ta same ni ina guga. Na karanta a tsaye har na kusa ƙona rigar mutane. Na koma wurin zazzaɓin na sake karantawa. Auta, shekara biyu ina juya ranar nan a kaina, kullum daga moɗa nake farawa. Ban taɓa farawa daga asuba ba.

Naki kuma, ki ji. Tun ranar da ciwon ya fara na ce ya je asibiti. Maƙwabcinmu ya kawo mota har ƙofar gida. Ya ce sai ya gama ƙofofin da ya yi wa mutane alkawari, ya shiga shago yana dafe da ciki yana goge katako. Ko kin bar tiyatar kin zo da kanki, sai ya ce ki riƙe masa ƙusa. Ban ce wannan zai sauke miki duka ba. Amma kayan nan ba na mutum ɗaya ba ne, ki bar wa mai shi nasa kason, Allah ya jiƙansa ya yafe masa taurin kai.

Na hau tebur na sauko da kujerar, gizo-gizo ya yi gida a ƙafafunta. Na wanke ta na shanya. A cinya na riƙe ta har muka iso. Direban ya ce mutane na kai wa mai haihuwa zannuwa, ni na ɗauko katako. Gwaggon surukinmu na tarar ta riga ni. Mace mai kirki, ta ga kayana ta gane, ta ce dama ta bar awakinta ba mai kula, ta kwana biyu ta koma.

Ranar aikin ina zaune a benci a bakin ɗakin, surukinmu yana ta zirga-zirga har na ce ya zauna kafin ya cinye musu siminti. Da aka turo Aku, na tari nas ɗin da ta fito tana cire hular kanta. Ban tambaye ta mace ko namiji ba. Na ce, 'yata, kun ɗauraye? Ta tsaya tana kallona, sai ta fashe da dariya, ta ce, Mama, ke nas ce? Na ce a'a, mai wanki ce. Ta ce, to mun ɗauraye, har ruwan ya fito tas. Na ce Allah ya yi miki albarka.

Ranar sallama na sa ta nuna min komai da hannu: yadda zan duba wurin, abin da zan gani in dawo da ita da gudu, da abin da zan yi in bandeji ya jiƙe. Ta ce in ya jiƙe a zo a canza, shi ke nan, ba a ɓoyewa. Na rubuta a bayan takardarki.

Jiya aka zo wurin. Aku ta tashi tana ƙorafi kanta na ƙaiƙayi, gumi ya dame ta, wai in ba a wanke mata gashi ba za ta aske. Na ce ta bari sai an kwance bandeji. Ta ce, Umma, ai ba a ka aka yanka ni ba.

Na tsaya riƙe da ƙofa. Ban taɓa gaya mata ba, Auta, jini ne kawai.

Na je na sa tafin hannuna a goshinta, na sa a wuyanta. Sanyi ƙalau. Na tambaye ta ko ta ci abinci, ta ce ta cinye nata ta taɓa na mijinta. Sai na ɗauko kujerar na ajiye a banɗaki. Wannan karon ban sa ta sunkuya ba. Na jingina bayanta da gwiwoyina, ta kwantar da kai baya a kan baho, fuskarta na kallon sama, tawul biyu a wuya. Moɗar farko rabin ruwan a ƙafata ya zube. Ita ba ta ma lura ba, tana ba ni labarin wata da suka kwanta ɗaki ɗaya mai minshari. Na sa sabulu na cuɗa. Na ɗauraye sau uku. Da muka gama na ɗaga rigarta na duba bandejin, a bushe yake ƙayau. Ta ce in daina leƙa ta kamar tukunya a kan wuta.

Zan yi sati biyar a nan. Mai Kitso ta karɓi wankin gida biyu, Allah ya sa kada ta kore min su. In abokiyar aikinki ta dawo, ki nemi ko kwana uku ne ki zo ki ga kunnuwan nan da idonki. Ki taho da fararen rigunanki in duba ɗaurayar, don ban yarda kin daina ha'inci ba.

Kujerar na bar ta a banɗakin, a kan ƙafafunta. Gobe a kanta zan zauna in yi wa jaririyar wanka.

Taki har kullum,
Matar Yaya